Daga Zauren Mai Masauki Zuwa Ofishin Lauya: Tarihin Bin Bashi a Garuruwanmu na Jazira da Shuɗin Nilu

 

Al'adarmu ce duk shekara, idan ranar kafa ƙungiya ta zagayo, mu ware shafuka kaɗan mu waiwayi wani yanki na tarihinmu. Bana maganar bashi muka ɗauko. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, buƙatar da ta fi kowace yawan zuwa teburin magatakarda ita ce ta mutumin da yake bin wani kuɗi a Wad Madani, ko Sinja, ko Damazin, yana so a haɗa shi da lauyan da zai karɓo masa. Wani riɗi ya bayar, wani atamfa da turare, wani kuɗi ya tura a sayo masa ƙaro. Wasu cikin kuɗaɗen nan gadon marayu ne, wasu kuma adashin mata ne da aka damƙa wa mutum ya juya.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma fatauci ba ya tafiya sai da shi. Abin da yake sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne wanda yake tsayawa tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi. Lauya shi ne na baya-bayan nan a cikin masu wannan tsayuwa. Idan muka san waɗanda suka gabace shi, da abin da ya ba su ƙarfi, za mu gane irin lauyan da ya kamata mu nema, da abin da ya kamata mu riƙe a hannu kafin mu je wurinsa.

Zamanin mai masauki

Kakanninmu sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Daga Kano a bi ta Barno, a wuce Fort Lami, wato Njamena ta yau, a shiga Abashe, sai Jinaina da Fashir da Al'ubayyid, har a iso bakin Nilu, daga nan a nufi Sawakin a hau jirgin ruwa. Tafiya ce ta shekaru. Mutum yakan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ko ciniki, ya tara guzuri, sannan ya ƙara gaba. Duk inda aka yi zango, akwai mai masauki, wanda wasu ke kira fatoma.

Aikinsa ya wuce ba da ɗaki da abinci. Baƙo zai sauke kayansa a gidansa, shi zai ajiye su, dillalansa su nemo mai saye. Idan ciniki ya faɗa a kan bashi, mai masauki ne yake tsayawa. Baƙon bai san mai sayen ba, bai ma cika buƙatar saninsa ba. Ranar biya in ta zo mai saye ya noƙe, mai masauki zai bi shi, in ta kama ya biya daga aljihunsa. La'adar da yake karɓa ladan wannan haɗari ce. Irin wannan tsari ne Hausawa suka yi cinikin goro da shi a Salaga da Kumasi, da cinikin shanu a Sabon Ibadan, inda ake ba mahauta shanu bashi da lamunin masu gida.

Abu uku ne suka ba mai masauki ƙarfi. Ɗan gari ne, ya san mai saye da gidansu da abin da ya mallaka. Mai saye yana jin nauyinsa, domin gobe zai sake zuwa neman kaya. Kuma shi kansa yana da abin da zai rasa, domin idan ya bari aka cuci baƙonsa, labari zai bi ayari na gaba, gidansa ya mutu. Idan kuɗin yana da yawa, akan kira malami ya rubuta, a sa shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a kan bashin da aka yanka wa lokaci.

Mai Wurno da ikon sarki

A watan Yuli na 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a zuwa gabas. Wajen 1906 suka iso bakin kogin Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, kusa da garin Shaikh Talha, suka kafa garin da har yau yake ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar. Gwamnatin Turawa ta amince da shi a matsayin shugaban mutanensa. Hausa da Fulani suka yi ta zuwa, ƙauyuka suka bazu a bakin kogi, ana noma da su da kiwo.

Masu zango sun zama mazauna, sai bashi ma ya sauya kama. Yanzu maƙwabci ne yake bin maƙwabci, shekara da shekaru. Wurin kai kuka ya zama zauren mai unguwa, ko liman, ko fadar sarki. Turawa sun ƙarfafa wannan da dokokin da suka ba shugabannin gargajiya ikon shari'a, kamar dokar ikon shehunai ta 1927 da dokar kotunan gargajiya ta 1932. Kotunan Musulunci na gwamnati kuwa, tun dokar 1902, an taƙaita su ga aure da saki da gado da waƙafi. Rigimar ciniki ta kotun farar hula ce, inda ake bin tafarkin shari'ar Ingila.

Talakan da ba ya jin Larabci sosai, balle Turanci, ba ya marmarin wannan kotu. A fada kuwa da harshensa za a yi magana, ba a biyan kuɗin shigar da ƙara mai nauyi, kuma kowa ya san gonar kowa. Sasanci ake fara nema, irin wanda mutanen Sudan ke kira judiyya, inda dattawa za su zauna su raba biya kashi-kashi, ko su sa a jira kaka. Rauninsa ɗaya ne: ikon sarki iyakarsa mutanensa. Idan wanda ake bi ɗan wata ƙabila ne, ko attajirin birni, ko ya tattara ya koma Gadarif, hannun fada ba ya kai wa gare shi.

Auduga, hawasha da shel

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman Jazira da fili wajen fadan dubu 300. Bayan ƙarin Managil, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1950, filin ya kai kimanin fadan miliyan 2. An yanka shi gona-gona, kowace ana ce mata hawasha. Kuɗin auduga kashi uku ake yi: 40 cikin ɗari na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfanin Turawa mai tafiyar da aikin, har zuwa 1950 lokacin da hukumar Jazira ta karɓe shi. Mutanenmu sun yi aikin haƙa da shuka da tsinkar auduga. A shekarun 1930, da farashi ya faɗi wasu suka bar gonakinsu, wasu daga cikinmu sun sami hawasha. Amma mafi yawa a kambo suka zauna, wato matsugunan ma'aikata da ke gefen magudanan ruwa, ba su da takardar fili.

A nan ne bashin da ake kira shel ya yi ƙarfi. Da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, mai kanti zai ba manomi dawa ko sukari ko tsabar kuɗi, a kan cewa da kaka zai biya da amfanin gona a farashin da aka yanka tun yanzu, wanda yakan yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa. Ya yi kama da abin da ake kira falle a wasu sassan ƙasar Hausa. Mutanenmu sun kasance a ɓangarorin biyu: da yawa su ake bi, wasu kuma da suka buɗe kanti su ke bi.

Mai kantin shel ba ya neman lauya. Littafinsa da masussuka su ne kotunsa. Ranar da ake sussuka yana nan tsaye da buhunansa, kuma manomi ya san idan ya ƙi biya, baɗi ba wanda zai ba shi. An kafa Bankin Manoma na Sudan a ƙarshen shekarun 1950, amma banki jingina yake nema, wanda ba shi da takardar fili kuwa ba shi da abin jinginarwa. Don haka shel ya ci gaba. Abin lura a nan shi ne, wanda yake kusa da kayan ranar da suka nuna shi yake fara karɓar haƙƙinsa. Na nesa sai abin da ya rage.

Kotun gwamnati da takardar ɗan ƙasa

Lauyoyi 'yan ƙasa ba su daɗe ba a Sudan. A tsakiyar shekarun 1930 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Khartum. Muhammad Ahmad Abu Rannat ne ɗan Sudan na farko da ya zama Alƙalin Alƙalai, a 1955. Shi ne kuma ya shugabanci kwamitin masana shari'a da gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato Najeriya a 1958, wanda shawararsa ta haifar da kundin hukunta laifuka na Arewa, da aka tsara a kan samfurin na Sudan. Ke nan akwai lokacin da laifin cin amana da na zamba suke da kusan fassara ɗaya a Kano da Wad Madani.

Sai dai shiga kotu ta yi wa mutanenmu wuya ta wata fuskar. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa tana zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mafi yawan kakanninmu bayan haka suka iso. Doka ba ta hana baƙo kai ƙara ba, amma wanda ba shi da jinsiyya yana gudun duk wurin da za a tambaye shi takarda. Dattawanmu suna ba da labarin kantuna da motoci da aka rubuta da sunan wani, bisa amana. Ranar da amana ta lalace, takarda tana bayan wanda sunansa yake kanta. Dokar 1994 ta sassauta, ta mayar da sharaɗin zuwa 1 ga Janairu, 1956, ko da yake har yau akwai masu shan tambayoyi a wurin neman takarda.

A farkon shekarun 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta rushe mulkin gargajiya a yawancin arewacin Sudan, ikon shari'a ya fita daga hannun sarakuna. A daidai wannan lokaci manyan motoci sun faɗaɗa kasuwa, ana ɗaukar kaya daga Mai Wurno da Sinja zuwa Rusairis da Kurmuk a bakin iyakar Habasha. Bashi ya yi nisa, mai tsayawa ya yi rauni. Wanda ya cike giɓin shi ne ardahalji, mai rubuta takardar koke da yake zama da teburinsa a ƙofar kotu. Ga mutanenmu da yawa, shi ne lauyansu na farko. Yana rubuta ƙara da kyau, amma ba ya shiga gaban alƙali, kuma ba ruwansa da abin da zai biyo baya.

Daga 1983: dokokin Musulunci da zamanin caki

A watan Satumba na 1983 Numairi ya shelanta dokokin shari'ar Musulunci. A wannan shekara aka fitar da dokar tafiyar da ƙararrakin farar hula da dokar aikin lauya, a 1984 kuma dokar mu'amalolin farar hula, wadda ita ce ginshiƙin ciniki da bashi da jingina da lamuni har yau. Daga nan hanyar Sudan ta rabu da ta Najeriya. Abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye: kotun Sudan ba ta yanke wa mai bin bashi kuɗin ruwa, kome daɗewar bashin.

Sai kundin laifuka na 1991. Sashe na 177 ya yi magana a kan cin amana, na 178 a kan zamba, na 179 a kan ba da cakin banki, wanda a nan ake kira shek, da banki ya mayar. Wannan sashe na ƙarshe ya sauya kasuwa gaba ɗaya. Mai bin bashi ba ya buƙatar doguwar shari'a. Zai kai cakin da hatimin banki ofishin niyaba, wato masu gabatar da ƙara, a kama wanda ya rubuta shi, kuma beli ba ya samuwa sai an ajiye kuɗin ko lamunin banki daidai da su. Bayan hukunci ma akwai tsarin nan da kowa ya sani, na zama a tsare har sai an biya.

Caki mai kwanan wata na gaba ya zama shi ne sabon mai masauki. Kowa ya daina tambayar wane ne mai saye, sai dai ko yana da littafin caki. Daga nan cinikin kasar ya yaɗu, inda mutum zai sayi kaya da tsada a kan caki, ya karyar da su nan take don ya sami tsabar kuɗi, yana toshe rami da rami. Kasuwar Mawasir ta Fashir, wadda ta rushe a 2010 ta tafi da dukiyar dubban mutane, a kan irin waɗannan cakuna aka gina ta. Manoma ma sun shiga kurkuku, musamman a yankin Gadarif, saboda bashin salam na bankuna da suka kasa cikawa a shekarun fari. Har ta kai hukumar zakka tana ware kuɗi don fitar da waɗanda bashi ya ɗaure.

Takobin nan kaifi biyu gare shi. Ɗan uwanmu da ya ɗaure wani yau, shi ma akwai cakinsa a hannun wani. Kuma mutumin da yake tsare ba ya zuwa kasuwa, balle ya samo abin biya. 'Yan uwa na Najeriya su lura da bambanci: can ma dokar 1977 ta sa ba da cakin banza laifi ne, amma kotuna sun sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ba ne.

Kuɗi yana narkewa, ƙasa tana motsi

Ko an ci shari'a, saura tambayar nawa kuɗin yake a ranar biya. A 1992 dinari ya maye gurbin fam, dinari ɗaya a kan fam 10. A 2007 sabon fam ya dawo, ɗaya a kan dinari 100. A watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, kuma a wannan shekara farashin kaya ya ninka fiye da sau huɗu. A ce ka ba da buhu 40 na riɗi, aka rubuta kuɗinsu da fam, aka yi shekara guda ana shari'a a irin wannan yanayi. Ranar da za a biya ka, kuɗin buhu 10 ma da ƙyar ya saya. Na Nijar da Chadi sun ɗanɗani irin wannan a Janairun 1994, da aka rage darajar sefa da rabi dare ɗaya.

Sai kuma tashin hankali. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da maganar sarautar Hausawa, ya taɓa Rusairis da kewayenta. A watan Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, inda mutum fiye da 200 suka rasa rayukansu. Dubun dubatan mutane suka bar gidajensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A watan Disamba na 2023 dakarun Da'amus Sari suka shiga Wad Madani, sojoji suka karɓe ta a 11 ga Janairu, 2025. Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni na 2024, aka dawo da ita a Nuwamba. An wawashe kantuna da rumbuna, littattafan bashi sun ƙone ko sun ɓace, shaidu sun watse zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan da Masar.

Yawancin ciniki yanzu ta waya ake yi, da manhajar Bankak ta Bankin Khartum da saƙon murya na WhatsApp. Sudan tana da dokar mu'amala ta na'ura tun 2007. Amma sanarwar tura kuɗi abu ɗaya take nunawa, cewa kuɗi ya tashi daga wannan asusu zuwa wancan. Ba ta faɗin ko rance ne, ko jari ne na haɗin gwiwa, ko biyan tsohon bashi. Wannan giɓi shi ne wurin da rigima take shiga.

Neman lauya a yau

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa sharuɗɗan mai masauki uku ba su tsufa ba. Da su za mu auna lauya.

Na farko, ya zama ɗan wurin. A ƙa'ida, ana kai ƙara inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake sana'a, ko inda aka ƙulla cinikin. Tun rabon jihohi na 1994, Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu jihohi ne daban-daban, masu hedikwata a Wad Madani da Sinja da Damazin. Mai Wurno a jihar Sinnar take. Lauyan da ofishinsa yake kusa da kotun da za ta ji ƙarar shi ya san ko tana zama, da ranar zamanta, da ma'aikatan zartar da hukunci. Lauyan Kano ko Maraɗi ko Njamena, kome ƙwarewarsa, lasisinsa na ƙasarsa ne. Hukuncin da ka samo a can ma ba ya aiki a nan kai tsaye. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci ɗaya ta OHADA, wadda take da gajeriyar hanyar neman umarnin biya, amma Sudan da Najeriya ba sa ciki. Sudan tana cikin yarjejeniyar Riyad ta 1983 ta taimakon shari'a tsakanin ƙasashen Larabawa, su kuma Najeriya da Nijar da Chadi ba sa ciki. Don haka a bi mutum inda dukiyarsa take.

Na biyu, ya san wanda ake bi da abin da ya mallaka. Shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, amma ko ta haifi nasara, takardar hukunci ba ta sayen hatsi. Aikin gaske shi ne zartarwa: a sa hannu a kan mota ko kanti ko asusu, a yi gwanjo. A tambayi lauya tun zaman farko, me mutumin nan yake da shi da sunansa, kuma su wa suke binsa ban da mu? A tambaye shi ƙararrakin bashi nawa ya kai har matakin zartarwa. Wanda ya ƙware a gado da aure ba lallai ne ya ƙware a nan ba. A kuma tabbata ba lauyan wancan ɓangaren ba ne, ko surukinsa, domin garuruwanmu ƙanana ne.

Na uku, ya zama yana da sunan da zai kare. A ga katinsa na ƙungiyar lauyoyi, a je ofishinsa da ƙafa ko a tura wakilin reshe, a tambayi 'yan kasuwa biyu ko uku da ya taɓa yi wa aiki. A guji 'yan kamasho na bakin kotu masu cewa sun san alƙali. A rubuta ladan lauya, ko tsayayyen kuɗi ne ko kaso ne daga abin da aka karɓo, a kuma bambanta shi da kuɗin kotu, wanda ake lissafawa gwargwadon yawan abin da ake nema. Duk abin da aka biya a karɓi rasit. Wanda yake wajen ƙasa zai ba da takardar wakilci, wato taukil, da hatimin ofishin jakadanci da na ma'aikatar harkokin waje. A taƙaita ta ga wannan ƙara kaɗai, a fayyace ko wakili yana da ikon karɓar kuɗi ko yafe wani abu.

Akwai abu na huɗu da zamanin malami da shaidu biyu ya bar mana. Lauya da abin da ka kawo masa yake aiki. Mafi arhar ziyara ita ce wadda aka kai masa ranar ciniki. A Sudan akwai lauyoyin da aka ba ikon tausiƙ, wato tabbatar da yarjejeniya da hatiminsu a gaban shaidu. A rubuta cikakken suna da lambar ɗan ƙasa, da irin kaya da awonsu, da ranar biya da wurin biya, da sunan wanda ya tsaya. A nemi shawararsa a kan yadda za a rubuta bashin da buhu ko da awo, don faɗuwar fam kada ta cinye shi. Ga tsofaffin basussukan da littafinsu ya ƙone, matakin farko shi ne a samu wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce, ko da a kan sabon lokaci ne mai sauƙi. Amsawar yau ta fi shaidu goma da suka watse.

Wanda ya ƙi da wanda ya kasa

Dattawan judiyya sun san bambancin mutum biyu. Akwai wanda yake da shi ya ƙi biya, ya sayi sabuwar mota, ya canja lambar waya. Wannan shi ake ɗaukar wa lauya, ba tare da jin kunya ba, domin kuɗin marayu ba na kyauta ba ne. Akwai kuma wanda aka ƙone masa kanti a Rusairis, ko aka kwashe masa rumbu a Hasahisa, yana zaune a makaranta da iyalinsa. Aya ta 280 ta wannan sura ta yi umarni a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Lauyan kirki ma abin da zai faɗa ke nan, domin ya san ba a tatsar busasshiyar saniya. Sulhun da aka rubuta aka sa wa hatimi yakan dawo da abin da kurkuku ba zai dawo da shi ba, kuma ya bar ƙofar ciniki a buɗe.

Saboda haka ofishin magatakarda yana roƙon kowane reshe ya aiko da sunayen lauyoyin da 'yan reshen suka gwada suka ga amanarsu, da garin da kowanne yake aiki yanzu, domin da yawa sun sauya mazauni. Za mu tattara su a littafi ɗaya da kowane ɗan ƙungiya zai iya dubawa. Muna kuma roƙon duk mai bin bashi ko wanda ake bi ya fara kawo maganar gaban dattawan reshe kafin a je niyaba. Abin da ya gagari zaure, sai a miƙa wa lauya da takardunsa a haɗe.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.

Magatakardan ƙungiya